Ƙafa Biyu a Kan Feda

Keken ɗinkin Tela ya daɗe a lulluɓe da tsohon zane kamar mai zazzaɓi. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta same shi ƙafarsa ta dama ta daina jin magana, babban ɗansa kuwa ya fara kawo masu saye suna leƙa keken. Tela ya san duk ranar da keken ya bar ɗakin nan, shi ma ya zama kayan ajiya.

A asibiti likita ta dube shi yana jan ƙafa, ta yi wa mataimakiyarta Turanci. Kalma ɗaya ta maƙale masa a kunne, ya riƙo ta har gida.

"Auta, mene ne plodding?"

'Yar tasa ta ce, "Baba, tafiya ce mai nauyi, irin ta wanda ya shiga laka. Ya ɗaga wannan da ƙyar, ya ɗaga waccan da ƙyar."

"Wato zagina ta yi."

"A'a. Ba a faɗa wa wanda ya tsaya, sai mai tafiya."

Matarsa, wadda ko "zo in kashe ki" ba ta sani ba da Turanci, ta yaye zanen daga kan keken. "To Malam, bismilla, a shiga lakar."

Ya zauna ya taka feda, feda ta ƙi motsi. Sai ta jawo kujera ta ɗora ƙafarta kusa da tasa, tana takawa yana tura yadi. Ɗinkin farko ya fito a karkace. Ta ce ko kyauta ba mai karɓa, ya ce laifin direba ne. Haka suka yi ta fama kullum da hantsi, a ɗinka a farke, har maƙwabta suka saba da tarin keken. Sannu ba ta hana zuwa, amma Tela ya sha gumi.

Ranar da ɗan ya sake kawo mai saye, ya tarar suna haɗa rigar jikarsu. Tela bai ɗaga kai ba sai da ya kai ƙarshe. Ya sunkuya zai ɗauki almakashi, sai ya ga ƙafarsa ce kaɗai a kan feda. Tata tana can cikin silifa.

"Yaushe kika janye?"

"Tun a wuyan riga."

Godiya ta cika masa ciki. Ya goge ido da ƙyallen da ke kafaɗarsa, ya juya wajen mai saye.

"Bawan Allah, aljihunka ya yage. Tuɓe ka kawo."