Mashawarcin Harkokin Inuwa

Jiya na kwanta lafiya, na yi mafarki gwamnati ta kwashe mini inuwa.

Ina zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidana, wadda na dasa da hannuna, sai ga wani ƙadangare da babbar riga ya sauko daga mota. Yaransa suka kama inuwar ta gefe, suka naɗe ta kamar tabarma, suka sa a bayan mota. Rana ta sauka a kaina.

Na ce, "Kai wane ne?"

Ya gyaɗa kai. "Mai Ba Gwamna Shawara na Musamman kan Harkokin Inuwa."

"Wa ya zaɓe ka?"

"Baba, mu ba a zaɓen mu. Kira ake yi."

"To, shawara ka zo bayarwa ko kwasa?"

Ya sake gyaɗa kai, mota ta tashi da baya.

Sai na gan ni a majalisa. Duk wakilan zabi ne, Kakakinsu ya fi kowa tsawon wuya. Ana muhawara ko doka ta san da ƙadangaren. Wata zabuwa ta ce doka ba ta san shi ba. Wata ta ce doka ta san shi, kunya take ji. Na ɗaga murya na ce a ɗauko kundin tsarin mulki a karanta, tunda ni ban yi boko ba.

Kakaki ya ce, "Ba zai yiwu ba. Da shi aka tokare ƙafar kujerata. In an zare, majalisa ta faɗi."

Aka kira ƙadangaren ya kare kansa. Bai buɗe baki ba suka ce ya rusuna ya wuce. Ya rusuna, ya wuce da inuwar ginin majalisar ma. Suka tafa masa a cikin rana.

Sai ga ni a gidan gwamnati. Inuwoyin jama'a jibge har rufi, na hango tawa an shimfiɗa wa direbobi. Gwamna ba ya nan, sai mashawarta cike da bango, kowa na gyaɗa wa ɗan'uwansa kai.

Ƙadangaren ya ce, "Baba Gambo, an duba kukanka. An naɗa ka Mataimakin Mashawarci kan Inuwar Ƙofar Gidanka. Za ka riƙa zama a cikinta ranar Laraba, a madadin gwamnati."

Ya miƙo mini babbar riga mai ramin wutsiya.

Na ɗaga sandata zan maka masa, sai na ji ƙwas, ƙwas. Na buɗe ido. Gari ya waye, maƙwabcina Tanko ne yake gwada gatari a jikin darbejiyar.

Ya ce, "Baba, reshe ɗaya zan rage, ya shiga gidana. Mai unguwa ma ya ba da shawarar haka."

Na ce, "Ko ganye ba ka taɓawa."