Motar Kwali a Barandar Gwaggo

Dogon hutu shi ne lokacin da aiki ke shan kan Gwaggo, don kowace uwa so take a ɗinka wa 'ya'yanta kayan makaranta kafin a koma. Ana cikin haka ƙaninta ya sauke mata yaransa uku a ƙofar shago, domin matarsa ta haihu, yana ta zirga-zirgar asibiti.

"Yaya, sai haƙuri, ba sa zama wuri ɗaya," ya ce yana sosa ƙeya.

"Ni na rene ka, ka ga na rame? Tafi abinka."

Ba ta gama haɗa hannun riga ɗaya ba Auta, wanda jaririya ta sauke daga mulki, ya kifar da gwangwanin maɓallai. Gwaggo ba ta daka tsawa ba. Ta jawo ƙaton kwalin da sabon keken ɗinkinta ya zo a ciki, ta ajiye a baranda inda idonta ke kaiwa, ta haɗa musu da alli, ƙyallaye da wani dakusasshen almakashi.

"Me za mu yi da shi?" in ji babbar, wadda ake kira Aku saboda surutu.

"Da na sani ai da na yi abina."

Dogo, na tsakiya, ya ce mota. Aku ta ce gida. Gardama ta kaure, Gwaggo ta yi kunnen uwar shegu, ƙafarta na kan keke. Can sai ta ji sun daidaita: mota za a yi, amma mai ɗaki a baya.

Wajen yanka ƙofa Dogo ya zarce, gefe guda ya rufta, Auta ya ɓare baki.

"Gwaggo, ta lalace," ya ce cikin kuka.

"Mota takan lalace. Ba ku da makanike?"

Hannunta har ƙaiƙayi yake, ta san ɗinki kaɗan zai tsayar da kwalin. Ta daure. Wata mata da ke jiran wandon ɗanta ta ce, "Haba, ba kya taimaka musu?"

"In na sa hannu ta zama tawa, su kuma su zama 'yan kallo."

Aku ta daɗe tsugune tana duban ɓarnar. Sai ta huda kwalin da bakin almakashi, ta zura ƙyalle, ta ɗaure tamau. Gefen ya tsaya a karkace, amma ya tsaya. Auta ya share hawaye ya haye gaba, murfin bokiti ne sitiyarinsa.

Washegari yaran maƙwabta suka zo, kowa da kwalinsa a ka. Mai sayar da takalma na kusa ma ya aiko da nasa kwalin. Gwaggo ta dubi barandar, ta ga ba wurin taka ƙafa, sai ta ja teburin gugarta ciki ta bar musu filin. Doka ɗaya ta kafa: wanda ya yanka, shi zai share. Aku ta karɓi tsintsiya, ta miƙa wa Dogo.