Kumfa a Ƙasan Shago

Mai batir yana tsugune yana kankare farin gari daga kan batirin wata mota sai 'yarsa ta faɗo shagon da kayan makaranta, littafi a hannu, ko gaisuwar kirki ba ta gama ba.

"Baba, ara mini wayarka in kira Baffa. Gobe muna da jarrabawar kemistiri."

"Baffa, Baffa. Shi ya haife ki?"

Baffan nan ƙaninsa ne, malamin sakandare. Mai batir ne ya goya shi, shi ya share masa majina. Yanzu ga shi da tabarau da jakar hannu, kuma tun da yarinyar ta fara wannan darasi ba ta da zance sai nasa. Da, nan take zama bayan an tashi makaranta tana miƙo wa ubanta sifana. Yanzu cewa take shagon yana wari.

"Me yake koya miki da ya fi ƙarfina?"

Ta buɗe littafin tana murmushi, irin murmushin da ya daɗe bai samu ba.

"Haɗuwar sinadarai cikin ruwa, Baba. Iri uku ce. Akwai ruwa biyu garau, kana haɗa su sai gari ya fito ya kwanta a ƙasa. Akwai asid da alkali, su kashe ƙarfin juna a samu gishiri da ruwa. Na ukun, wani ya ƙwace ƙwayoyin lantarki daga wani."

"Ya nuna miki?"

"Ya zana mini."

"Zane!" Ya ja tsaki ya miƙe a fusace. Gwiwarsa ta bangaji jarkar ruwan batir, ta kife. Ruwan asid ɗin ya malalo a siminti, ya nufi takalmanta.

"Kar ki motsa!"

Bai ko waiwaya ba hannunsa ya ciro gwangwanin garin soda daga kan kantar shago. Ya zagaye ƙafafunta da shi tukuna, sannan ya watsa a tsakiya. Ƙasa ta ɗauki shuuu, farin kumfa ya taso yana tafasa, ya yi ta yi har ya lafa.

Yarinyar ta zaro ido.

"Baba! Shi ne wannan! Na biyun! Wallahi shi ne!"

"Na biyun me? Shekara ashirin da shida ina yin abin nan, ba wanda ya ce mini yana da lamba."

Duk da haka ƙirjinsa ya cika. Ya buɗe baki zai nuna mata farin garin da ke kwanciya cikin mataccen batir, sai ya ga ta riga ta zare wayar daga aljihun rigarsa da ke rataye.

"Baffa! Abin da ka koya mini, na gan shi da idona!"

Ya ɗauki tsintsiya. Ya shiga share kumfan da ƙarfin da bai kamata ba, yana jin dariyarta a bakin ƙofa.

Can ta leƙo, ta toshe wayar da tafin hannu.

"Baba, wai Baffa ya ce in tambaye ka, yaya kake gane sodar ta isa? Ya ce shi a takarda yake lissafawa."

Mai batir ya jingina tsintsiya. Ya goge hannu a wando, yatsa ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba.

"Ce masa ya zo shago. Ya cire tabarau, akwai shara."