Tukunya a Bayan Jariri

"Ba zan tura ba," in ji Joda, ta rufe kwamfutarta.

Safiyanu, shugaban ƙungiyar, ya ɗauka wasa take yi. Masu buga yadi a Kano suna jiran zanen tun safe, kuma ita ce mai shirya shi yadda injinsu zai karɓa.

"Ƙanwata, zafin nan ne ya taɓa ki? Tura musu mu tashi."

"Lafiyata ƙalau, Yaya. Sauran duk na tura. Na tukunyar ne ba zan tura ba."

Ƙungiya ce ta matasa, masu zane da teloli, da ke haɗuwa a wani shago a unguwar Manawashi. Wani gidan tarihi na ƙasar waje ne ya saki hotunan kayan da ke hannunsa a intanet, ya ce kowa ya ɗauka kyauta, ya yi abin da ya ga dama. Su kuwa suka shiga suna tsinto kayan yankinsu, ƙorai da faifai da tabarmi, suna mayar da su zanen yadi don wani baje koli da za a yi a Abuja. Joda ce da kanta ta tsinto tukunyar. 'Yar ƙarama ce, mai kai irin na mutum, baki a wangale kamar jariri yana ƙyalƙyala dariya, jikinta duk ɗige-ɗige. Abin da aka rubuta a ƙarƙashinta kawai shi ne tukunyar yumɓu daga kwarin Gongola. Joda ce kuma ta ce a jera ta a jikin majanyi, kowa ya tafa mata.

Elizabet, telar da ta ɗinka samfurin, ta tafi da ɗaya gida a unguwar Barunde ta goya 'yarta da shi. Mahaifiyarta, da ta zo daga ƙasar Waja ganin jika, tana hango zanen ta kwance yarinyar, ta cilla majanyin bayan katanga. Ta ce a garinsu, a da, in ciwo ya ƙi jin magani, irin wannan tukunyar ake ginawa a janye ciwon a zuba a ciki, a kai ta can cikin duwatsu a bari. Ɗige-ɗigen nan ƙurajen mai ciwon ne. Tukunyar ba dariya take yi ba.

Elizabet ta ba Joda labarin a waya, tana dariya. Joda ma ta yi dariyar. Sai da ta zo turawa hannunta ya ƙi.

"Tsaya in gane," in ji Safiyanu. "Ke da digirinki, kin yarda ciwo yana zama a cikin tukunya?"

"Ban yarda ba."

"Hoton tukunya ma, ba tukunyar ba."

"Na ce ban yarda ba."

"To mene ne?"

Ta laluba cikin ranta ba ta sami amsar da za ta tsaya da ƙafarta ba. Ba tsoro ba ne. Wani ne dai, da ba ta san sunansa ba, ya kwanta ciwo har 'yan'uwansa suka ɗauke abin suka kai nesa da gida, ita kuma ta je ta ɗauko za ta ɗaure a bayan 'ya'yan mutane. Ta juya wajen Elizabet, wai ko ta kama mata.

"Ni fa coci nake zuwa," in ji Elizabet. "Maganar tsofaffi ce, kar ki sa ni a ciki."

"To ga wani samfurin nan. Ɗauki ki goya 'yarki."

Elizabet ta sunkuya tana gyara zaren kekenta.

"Masu tukunyar sun ba da izini a rubuce," in ji Safiyanu.

"Su wa ke nan? Waɗanda suka tsince ta, ko waɗanda suka yar?"

"Hajiya lauya! Waɗanda suka yar ai sun yar."

Ta ce to a mayar da zanen na rataya a bango, a rubuta abin da tukunyar take. Ya ce majanyin ne masu baje kolin suka fi so, shi za su sa a ƙofar shiga, kuma in aka rubuta hakan babu matar da za ta taɓa shi.

"Ka ji da bakinka," in ji ta.

"Na ji me? Camfi ne zai hana su, ke kuma kin ce ba ki yarda da shi ba. Wai ke a wane ɓangare kike?"

Ta saɓa jakarta ta fita.

A gida ma ba ta sami sauƙi ba. Innarta ta saurara har ƙarshe, ta ce tsafin wasu ne, bai shafi Musulmi ba. Can kuma tana tankaɗe ta ɗago ta ce, amma dai kar a shigo mata da wannan zanen cikin gida.

Aka yi ta kiranta a waya, wasu da lallashi, wasu da gori. Wani ya ce girman kai ne, wata ta ce baƙin ciki take yi da majanyin ya fi sauran ayyukanta suna. Joda takan buɗe hoton ta zuba masa ido, wani lokaci ta ga dariya, wani lokaci ta ga ihu. Ta kan kai yatsa kan maɓallin turawa, ta janye. Da za ta iya cewa ga dalili, da ta ji sanyi. Amma ko da babu, ba ta tura ba.

Ƙin nata bai hana komai ba. Hoton na kowa ne, wani ya sake sauke shi ya jera, aka buga majanyin, aka kai Abuja. An cire Joda daga ƙungiyar, an cire sunanta har daga zanen ƙorai da faifan da ta yi da hannunta. Elizabet, ƙawarta tun sakandare, ta daina ɗaukar wayarta.