Tsawon Shu'aibu a Faifai

Tun da kocin wata makarantar ƙwallo ta Duwala ya bugo waya, Ɗanmalam ya kasa zama a shagonsa na takalma. Faifan wasan ɗansa Shu'aibu da ya aika musu bai yi ba. Hoton, in ji kocin, ya fito ɗan mitsitsi a tsakiyar talabijin ɗinsu mai faɗi, baƙi sama, baƙi ƙasa. A gyara ya cika allo, a sake aikowa kafin su rufe ɗaukar yara. Sannan ya ƙara da cewa, "Golan naku kamar ba shi da tsawo."

Wannan maganar ce ta hana Ɗanmalam sakat. Shi kansa gajere ne, kuma yana ganin shi ya jawo wa yaron. Ya bar shago a hannun maƙwabci, ya hau babur sai unguwar Rumde Ajiya, wajen Madam Angèle mai haɗa faifan biki.

"Zauna mana, Baba," in ji ta. "Kana tare mini fanka."

Ya zauna, ya sake miƙewa. Ta yi masa bayani tana aiki: za ta yanke baƙin nan, ta ja hoton sama da ƙasa ya cika gurbin, sannan ta sa wa faifan alamar da za ta gaya wa na'ura ta buɗe shi gefe da gefe. Sau ɗaya za ta juya shi, a hankali, don kada fuskoki su dusashe.

Ta yanke, ta ja. Ɗanmalam ya dafe kujera. Ga Shu'aibu a allon kwamfuta, dogo, siriri, kamar Bororo mai kiwo, kansa na neman taɓa sandar raga.

"Tsaya! Tsaya nan, Madam."

"Ban gama ba, *Papa*. Saura alamar."

"To a bar alamar."

Ta juyo ta dube shi, ta fashe da dariya. "Ni na ƙara masa tsawon da tuwon gidanku ya kasa? Dubi ƙwallon, ya zama ƙwan zabuwa. Alƙalin wasan nan na san shi, tumbi gare shi. Ka ga yadda na rame shi?"

"Su wa za su tsaya kallon alƙali?"

"Faifanka ne. Abin da ka ce shi zan yi."

Ya fita waje, ya sayi ruwan leda bai sha ba. Ya leƙa titi, ya dawo. Idan suka kira yaron suka gan shi ido da ido fa? To, ai dai sun kira shi. Idan kuma aka aika gaskiya, ko kiran ba a yi ba? Zufa ta jiƙa masa bayan riga.

"Nuna mini wurin da ya kaɗe bugun nan," ya ce. "A dogon."

Ta nuna. Ranar wasan Ɗanmalam yana filin, ya ga yadda Shu'aibu ya tashi daga tsakiyar raga ya miƙe a iska har kusurwa, jama'a suka ɗauki ihu. Amma a nan ragar ta tsuke kamar ƙofar zaure. Dogon yaron ya ɗan karkata kawai, ya taɓa ƙwallo. Ko shi Ɗanmalam zai iya.

"Ina tsallen?"

"Yana nan. Ragar ce ta matse."

"Sa alamar in gani."

Ta sa. Allo ya buɗe, raga ta koma faɗinta. Shu'aibu ya dawo ɗan gajerensa, ya tashi, ya yi ta tafiya a iska kamar ba zai sauka ba, yatsunsa suka kai inda ba a zata ba. Ɗanmalam ya ce a mayar baya. Ya ce a sake.

"Wannan za a aika," ya ce, muryarsa ba ƙarfi.

"Ka tabbata? Kada ka dawo gobe ka ce in ja shi kaɗan."

"Kaɗan ɗin zai yiwu?"

"Baba!"

Ya karɓi faifan da ɗuminsa, ya naɗe shi cikin hularsa don gudun ƙarzuwa, ya fita kai ba hula yana ɗaga wa masu babur hannu, yana tambayar kowa ko motar Ngaundere, wadda ake ba saƙon Duwala, ta riga ta tashi.