Fatalwar da Ta Kasa Tsalle

Mbah Wagiman ya kasa zama wuri ɗaya. Ya zauna kan akwatin kayan wasa, ya tashi, ya leƙa ta ɓular labule, ya dawo yana murza gwiwarsa da man kanumfari. A waje rana ta karkata, masu gyaɗa da soyayyar ayaba sun fara kafa tebura a bakin rumfa.

Tun kafin a haifi rabin 'yan ƙungiyar wasanmu shi ke fitowa a pocong, gawar nan da aka manta ba a kwance mata likkafani a kabari ba, sai ta taso tana tsalle da ƙafafu a ɗaure. Duk ƙauyukan tsakiyar tsibirin Jawa da muke zagayawa ba inda ba a san tsallen Mbah ba. Amma gwiwa ta gaji. A wasan da ya wuce ya kife a tsakiyar dandamali, yara suka yi ta shewa. Bu Darsih mai ƙungiya ta faɗa a gaban kowa cewa in ya sake kunyata ta, likkafanin ya zama na ɗan ƙanenta, wani ƙato mai ƙwauri kamar taɓarya. Abin ya taɓa mu duka, don mutumin nan ba gona ba ɗa, a bayan labulen nan yake kwana.

"Mbah, zauna mana, kana sa ni jiri," in ji Ngadiyo, mai kula da fitila da hayaƙi, wanda shi ma furfura ta fara cin kansa. Ya jawo wani guntun katako daga ƙarƙashin tabarma, an kafa masa tayoyin keken jarirai, an shafe shi da baƙin fenti.

"Wannan kuma fa?"

"Sababbin ƙafafunka. Ka hau, in ja ka da baƙar igiya daga wancan gefen. Hayaƙi zai rufe ƙasa, ba mai gani."

"Pocong a kan taya? Kai Diyo, wace kakar ce ta ba ka wannan labari? Pocong tsalle yake."

"Na da ke nan. Na yanzu ya tsufa."

"Ja'iri! Bu Darsih ta sani?"

"In ta sani ai tare za mu ɗaure kayanmu."

Mbah ya taka katakon da yatsan ƙafa, abin ya gangara, ya dawo. Ya yi tsaki, ya tafi, ya sake dawowa ya taka shi. Har aka kira magariba bai ce e ba, bai kuma ce a'a ba.

Bayan isha'i rumfa ta cika maƙil. Aka shafe fuskar Mbah da garin shinkafa, aka zagaye idanunsa da gawayi, aka cusa masa auduga a hanci, aka ƙulle likkafani a saman kai da idon sawu. Ngadiyo kuwa sai kai da kawo yake kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ya hura ɓawon kwakwa da lubban a kasko, ya tura hayaƙin ta cikin bututun gora har ya kwanta a kan dandamali. Ya watsa fararen furannin nan da ake shukawa a maƙabarta, don hanci ya riga ido tsorata. Ya kashe fitilu, ya bar guda ɗaya lulluɓe da koren ƙyalle, sannan ya girgiza fallen kwano, aradu ta tashi.

"Hau, Mbah."

Mbah ya hau, yana salati a ƙasan maƙoshi.

Katakon ya sulala da shi sumul har tsakiya. Nan taya ta faɗa tsagar da ke tsakanin katakan dandamali, ta cije. Ngadiyo ya ja, ya ƙara ja, igiya ta tsinke a hannunsa.

Mbah ya san in ya dira daga kan katakon nan gwiwa za ta kayar da shi, a gaban Bu Darsih, a gaban gari. Sai ya tsaya. Makaɗinmu kuma a kan kowane tsalle yake buga ganga, haka ya saba, ga shi ba tsalle, sai ya bar hannunsa a sama. Rumfa ta yi tsit.

Mutanen da suka zo da shirin ihu da dariya suka rasa abin yi. Fatalwar tana kallonsu, ba ta motsi, in ban da 'yar rawar da likkafanin ke yi, don ƙafafun tsohon karkarwa suke. Zafi ya kawo masa hawaye, suka gangaro da gawayi, suka ja baƙaƙen layuka a kan farar fuska. Wata mata ta rufe idon ɗanta da zane. 'Yan layin gaba suka fara ja da baya da gindi, wani benci ya kife. Har Ngadiyo ya saki labule ba a ji tari ba. Daga nan tafi ya ɓarke, irin wanda ba mu taɓa ji ba.

Bu Darsih da kanta ta kawo masa shayi a bayan labule.

"Mbah, wallahi ni da na san kai ne, sai da tsikar jikina ta tashi. Ashe duk shekarun nan wahala muke sha a banza."

"To, Bu, maganar ɗan ƙanenki?"

"Wane shi! Me zan yi da mai tsalle kuma?"

Mbah ya sauke ajiyar zuciya, ya kai kofi baki. Bu Darsih ta juya wajen Ngadiyo.

"Tunda tsayuwa kawai ake so, gobe ka saro mini kututturen ayaba, a naɗe shi, a zana masa fuska da baƙaƙen layukan nan. Shi ba ya ciwon gwiwa, ba ya cin shinkafa. Amma ka tabbata tsayinsu ɗaya da Mbah."

Ngadiyo ya hau naɗe tsinkakkiyar igiyarsa. Da ta ce masa me yake jira, ya zo da sandar awo, ya kasa haɗa ido da tsohon.

Mbah Wagiman ya ajiye kofin. Ya dafa kafaɗar Ngadiyo ya tashi, ya cije leɓe, ya miƙar da gwiwoyinsa iya miƙewa.

"Auna da kyau, Diyo," in ji shi. "Kada ka rage mini ko yatsa ɗaya."