Hoton Mai Harara-garke

Shekara goma sha bakwai Hayatu mai fenti ya yi a rumfarsa ta bakin tashar Gummi, yana rubuta allunan shaguna, yana zana zaki da dawisu a bayan manyan motoci. Bai taɓa karɓar aikin da ya hana shi zama wuri ɗaya ba sai wanda Hajiya Zaliha ta kawo.

Zaliha ma'aikaciyar jinya ce daga Anka. Ran kasuwa ta zo da wata takarda naɗe cikin ɗankwali. Da ta warware sai ga hoton wani mutum, fuska fara fat kamar an shafa alli, jajayen layuka sun tashi daga hanci zuwa goshi, baki a murguɗe, yatsu a ware. Gara ta ci gefen takardar, ruwan damina kuma ya ɓata rigar.

"Wanga mutum ne ko aljani, Hajiya?" in ji Hayatu.

Ta yi dariya. "Ɗan wasan kwaikwayo ne na ƙasar Japan, kabuki suke ce ma wasan. Lokacin da muke jinyar yaran Abare da gubar dalma ta kama, akwai wata 'yar Japan da muka yi aiki tare. Ranar da za ta tahi ta ba ni shi. So nike ka zana mini irinai bisa katako, babba, in rataya a falo."

Kwana uku ya yi a kan rigar kaɗai. Da ya iso fuska sai ya lura ido ɗaya na kallon gaba, ɗayan ya karkata wajen hanci. Tausayi ya kama shi. Bawan Allah ashe harara-garke gare shi, mai zanen kuma ya tona masa asiri! Shi Hayatu ko kan allon wanzami ya zana mutum sai ya ƙawata shi. Ya miƙe idanun biyu sumul.

Daga nan hankalinsa ya ƙi kwanciya. Ya zauna, ya tashi, ya ja baya har bakin kwalta ya hango, ya dawo ya juya katakon ga bango. Bai jima ba ya sake juyo shi. Komai ya fita daidai, amma mutumin ya koma kamar wanda ke jiran mota. A gida matarsa Habsu ta kawo tuwo, ya yi loma biyu ya wanke hannu.

Ran da Zaliha ta dawo, kallo ɗaya ta yi ta ajiye jakarta a benci.

"Malam Hayatu, mi ka yi ma idon?"

"Gyara na yi, Hajiya. Na ga da lahani."

"Ai ka kashe shi. Ba lahani ba ne. In wasan ya kai inda rai ya ɓaci ƙwarai, ɗan wasan sai ya buga ƙafa ya sandare, ya karkatar da ido guda da gangan, 'yan kallo su ɗauki kiran sunanai. Ita 'yar Japan ɗin ta yi mini bayani, har ta gwada mini muka yi ta dariya. Wannan tsayuwar ita aka zana."

Kunya ta rufe shi. Ya roƙi mako guda.

Sau uku yana shafe idon da farin fenti. Na farko ya fito kamar wawa, na biyu kamar mai farfaɗiya. A na ukun ya jefar da buroshi, ya ari madubin babur wajen 'yan kabu-kabu, ya tsaya tsakar rumfa yana ƙoƙarin juya idonsa guda. Direbobi suka taru suna ƙyalƙyata dariya, wani na cewa a kira masa malami. Bai kula su ba. Can ya ji muƙamuƙinsa ya ɗaure, jijiyar wuya ta miƙe, numfashi ya tsaya masa a ƙirji. Bai saki numfashin ba ya ɗauki buroshi, ya ɗiga baƙin idon, ya ja layi guda a gefen baki. Da ya ja baya, sai da gabansa ya faɗi.

Da kansa ya kai shi Anka, katakon bisa cinyarsa cikin bas. Wani dattijo da ke gefensa ya leƙa, ya yi a'uziyya, ya ce don Allah a rufe. Ya rufe da buhu, amma duk ramin da motar ta faɗa sai ya ɗaga ya duba ko fentin ya karce.

Zaliha ta sa ya kafa ƙusa sama da kujera, ya rataya katakon. Ta daɗe tsaye tana kallo.

"Awo," ta ce. "Shi ne."

Ta ɗauki hoton zanen da waya. Ta ce shekara shida ke nan lambar ƙawar tata ba ta amsawa, amma za ta tura ko Allah zai sa ta gani. Ta tura. Suka tsaya su biyu suna kallon wayar, ba abin da ya shigo.

Aka kawo masa fura, ya sha rabi a tsaye. La'asar ta gabato, hanyar kuwa ba a bin ta da yamma saboda ɓarayin daji. Ya yi sallama, ya nufi tasha da sauri.